Wasiƙa Daga Ingila: "Sabon Masauki" Mai Shekara Fiye da 570

Ranar Asabar na leƙa garin Gulosta, na ga wani masauki mai suna New Inn, wato sabon masauki, alhali tun wajen 1450 aka gina shi, kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Wani malamin coci, John Twyning, ya gina shi domin masu ziyarar kabarin Sarki Edward na Biyu. Tamkar zangon fatake yake: fili a tsakiya inda matafiya ke shigowa da dawakinsu, ɗakuna kewaye, baranda a sama. Ginshiƙansa duk katako ne, an haɗa su da ƙusoshin itace.

Abokin tafiyata ya ce riƙe irin wannan gini ɓarnar kuɗi ce, gara a rushe a yi na siminti. Ni dai ban yarda ba. Ba ƙarfin katako kaɗai ya raya shi ba. Ana kwana a ciki, in ya yi yoyo a gyara, doka kuma ta hana a taɓa shi ba izini. Mu kuwa soron kakanmu, damina uku aka bar shi ba yaɓe, ya zube muna kallo.

Sai kun sake ji daga gare ni.