Ma'aunin da Ya Manta da Fosfaras: Takin Aladu a Karolina ta Arewa

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1997, aladun da ake kiwo a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka sun tashi daga ƙasa da miliyan 3 zuwa kusan miliyan 10, akasarinsu a gabashin jihar, musamman gundumomin Duplin da Sampson. Kashinsu akan tara shi a manyan kududdufai, sannan a fesa ruwan a gonakin kewaye da sunan taki. Duk sa'ad da aka tayar da zancen illar wannan tsari, ranakun bala'i ake tunawa: fashewar kududdufin da ya malalar da galan miliyan 25 cikin kogin New a 1995, ko ambaliyar guguwar Floyd a 1999. A ganina, ɓarnar da ta fi waɗannan ita ce wadda ake yi kullum bisa ƙa'ida.

Yawancin fosfaras ɗin da ke cikin masara da waken soya a ɗaure yake cikin wani sinadari da cikin alade ba ya iya narkarwa, don haka a kashi yake fita. An daɗe kuma ana ƙayyade takin da gona za ta sha gwargwadon naitirojin ɗin da shuka ke bukata. Shi naitirojin, kaso mai yawa nasa kan bi iska tun yana kududdufi. Fosfaras kuwa ba ya tashi. Kafin shuka ta ƙoshi da na farko, an ɗura wa ƙasa na biyun fiye da kima. Ƙasa takan riƙe shi shekara da shekaru, har ta cika. Daga nan duk ruwan saman da ya sauka sai ya kwashi rabonsa zuwa rafi, gansakuka ta yi kaka-gida, ta mutu ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Masu kare sana'ar kan yi nuni da fayites, sinadarin da ake zubawa a abincin aladu domin su narkar da fosfaras ɗin hatsi. Yana rage shi ƙwarai, ban musa ba. Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Hatsin da ke ciyar da dabbobin nan daga jihohin tsakiyar Amurka ake jigilar mafi yawansa, kashin kuwa ruwa ne mai nauyi, mayar da shi can asara ce. Fosfaras na shigowa ke nan, ba ya fita. Dokar 1997 da ta dakatar da gina sabbin manyan gidajen kiwo ba ta rufe tsofaffin kududdufan ba, abin da ya riga ya taru a ƙasa kuma zai yi shekaru gommai yana tsiyaya.

Abin da ya dace shi ne gwajin fosfaras ɗin ƙasa ya zama alƙali: gonar da ta cika, a daina fesa mata. Kuɗin kwashe rarar kuma ya hau kan kamfanonin da suka mallaki aladun, domin manomin da ke kiwo bisa kwangila ba shi da alade ko ɗaya a garken, kashin kaɗai aka bar masa.