Ruwan Inabin Kana Da Kwalbar Da Ke Kan Teburinmu



A taron zumunta da muka yi bayan Kirsimeti, wani ɗan'uwa da ya zo hutu daga wurin aikinsa a Abuja ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Fasto, ruwan inabin da Yesu ya yi a Kana, yana sa maye ko ba ya sawa?" Kafin mu buɗe baki, ɗaya daga cikin shugabanni ya amsa masa cewa ruwan 'ya'yan itace ne kawai, wanda ake matsewa a sha nan take. Aka yi tafi, aka shiga waƙa. Mu ma muka yi shiru, don kada mu kunyata shugaba a gaban jama'a. Amma mun ga fuskar mai tambayar, mun san bai gamsu ba, shirun nan kuwa ya dame mu har yau.

Daga baya ya faɗa mana dalilin tambayarsa. A liyafar ƙarshen shekara ta wurin aikinsu an kawo wani gwani ya koya musu ɗanɗanar ruwan inabi: yadda ake riƙe kofin gilashi ta ƙafarsa, a ɗaga shi a dubi launi, a juya shi a hankali, a sansana, sa'an nan a kurɓa kaɗan. Ya ji sunaye irin su Merlot da Cabernet Sauvignon, ya ji cewa wannan daga Bodo ta Faransa yake, wancan daga Afirka ta Kudu. Abokan aikinsa masu zuwa sujada kowace Lahadi suna sha ba tare da lamirinsu ya motsa ba. Da ya ƙi, sai ɗaya ya tambaye shi ko ya fi Yesu tsarki ne. Ya rasa amsa, ya kawo tambayar gida, mu kuma muka ba shi amsar da ba za ta tsaya a gaban mai karatu ba.

To, ga gaskiyar. Ruwan inabin da Littafi Mai Tsarki yake magana a kai yana sa maye. Nuhu ya sha na gonarsa ya bugu har ya kwanta tsirara, a Farawa sura 9. Bulus ya tsawata wa Korintiyawa don waɗansunsu suna buguwa a wurin cin Jibin Ubangiji, ba a kuwa buguwa da lemo. A Kana ɗin ma, a Yohanna sura 2, da uban biki ya ɗanɗana abin da aka ɗebo daga randunan nan shida, ya yi mamaki ne domin al'ada ita ce a fara ba da mai kyau, sai mutane sun sha sun yi nisa, harshensu ya daina rarrabewa, sa'an nan a fito da na baya. Maganarsa ba ta da ma'ana in abin ba ya taɓa kai. Kowace randa tana cin kusan lita 80 zuwa 120, ku lissafa da kanku.

Yadda Allah ya yi 'ya'yan inabi ma shaida ne. A jikin ɓawonsu akwai yis, da zarar an matse su sai ya fara cin zaƙin yana mai da shi barasa, cikin 'yan kwanaki a ƙasa mai zafi. Iskar da ke fita a lokacin tsimuwar nan ita ce ke fasa tsohuwar salka, abin da Ubangiji ya ba da misali da shi ke nan a Markus sura 2. A ƙasar Isra'ila ana girbin inabi wajen watan Agusta da Satumba, Idin Ƙetarewa kuwa sai Maris ko Afrilu. Wata shida ke nan, ba firji. Ruwan inabi marar barasa da ake ajiyewa a kwalba sabon abu ne: a 1869 ne Thomas Welch, wani likitan haƙori ɗan ɗariƙar Methodist a Amurka, ya dafa ruwan inabi bisa dabarar Louis Pasteur don ya hana shi tsimuwa, saboda a yi Jibin Ubangiji da shi.

Mun san abin da ya sa shugaban nan ya amsa yadda ya amsa. Tsoro ne, kuma tsoro mai dalili: in aka ce wa matasa Yesu ya yi abin da ke sa maye, gobe za a same su a mashaya suna kafa hujja da Kana. Amma katangar da aka gina da ƙarya ba ta daɗewa. Yaron da muka gaya wa lemo ne, ran da ya karanta da kansa ko ya haɗu da wanda ya fi shi sani, zai gane mun ruɗe shi. Daga nan zai fara tambayar kansa, me kuma suka ɓoye mini? Tashin matattu fa? Ba mu yarda mu sayi kamewar matasanmu da farashin amincewarsu ga Maganar Allah ba.

Maganar Allah tana faɗin abu biyu a kan ruwan inabi, dole mu riƙe su duka. Zabura 104 ta lissafa shi cikin kyautar Allah tare da mai da abinci. Bulus ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa, wanda kuma ya nuna mana cewa Timoti ruwa kaɗai yake sha kafin nan. A ɗaya gefen, buguwa zunubi ne a fili, Afisawa 5 da Galatiyawa 5 ba su bar wata kafa ba. Ku karanta ƙarshen Karin Magana 23 a natse. Marubucin ya ja kunnen mai zura wa ruwan inabi ido yana sha'awar jansa da ƙyallinsa a kofi da yadda yake wucewa a maƙogwaro sumul, ya kuma kwatanta ƙarshensa da saran maciji. Sai ka ce ya halarci liyafar nan ta Abuja. Abin da gwanin bai faɗa wa ɗan'uwanmu ba shi ne, masu sana'ar ɗanɗanawa na ainihi tofarwa suke yi a wani mazubi, ba sa haɗiyewa, domin sun san ƙarfin abin da ke bakinsu.

Ƙarfin nan shi ne inda matasanmu suka fi ruɗuwa. Ana ganin giya abin 'yan tasha ce, ruwan inabi kuwa na masu ilimi da kwat. Ku ɗauki kwalbar ku karanta. Yawancin ruwan inabi yana da barasa kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, giyar kwalba kuwa wajen kashi 5. Kwalbar ruwan inabi ɗaya mai mililita 750, in tana da kashi 12, daidai take da manyan kwalaben giya uku. Saurayi da budurwa da suka shanye kwalba ɗaya a wurin cin abinci, kowannensu ya sha kwalba ɗaya da rabi ta giya, ko da yake da kofi mai dogon wuya suka sha. Mutanen zamanin Sabon Alkawari kuma sukan surka nasu da ruwa kafin su sha, ba su kuma da mota ko babur da za su tuƙa zuwa gida da dare. Zancen cewa jan ruwan inabi maganin zuciya ne, shi ma kada ku dogara da shi. A watan Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya.

To, in ba a haramta kurɓa ɗaya da aya ba, don me mu a wannan ikilisiya muke cewa a bari? Domin mun san inda muka fito. Kakanninmu da suka karɓi bishara ta hannun 'yan mishan na SIM da SUM sun bar tukunyar burkutu, ba kuwa don Bature ya faɗa kaɗai ba. Sun ga dawar da ya kamata ta kai iyali damina tana ƙarewa a tukunya. Har yanzu ba mu rabu da abin ba. Mu da muke ziyarar gidaje mun san matan da ke ɓoye kuɗin makarantar yara a cikin buhun masara, mun binne samarin da hanta ta kashe ba su kai shekara 35 ba. A kowane benci na majami'armu akwai wanda yake yaƙi da kwalba a ɓoye, wani wata uku ke nan rabonsa da ita, yana ƙirga kwanaki. In ya buɗe waya ya ga hoton shugaban mawaƙa riƙe da kofi yana murmushi, me muka yi masa? Wannan ne zancen Bulus a Romawa 14: mai 'yanci ya ajiye 'yancinsa in zai zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwa. Ga kuma maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda da yawansu sun riga sun ɗauka Kirista da mashayi duk ɗaya ne. Ba daidai suke ba, amma mu ne za mu nuna musu haka.

Wannan matsayi namu ne, mun ɗauke shi da ido buɗe, kuma muna ganin shi ne hikima a wurin da Allah ya ajiye mu. Bai ba mu izinin yanke wa kowa hukunci ba. 'Yan'uwanmu Katolika da Angilikan suna amfani da ruwan inabi na ainihi a teburin Ubangiji, haka ikilisiya ta yi ɗaruruwan shekaru kafin Welch. Wanda bai taɓa sa barasa a baki ba amma yana cin naman 'yan'uwa da gulma, kada ya ɗauka ya fi kowa. Yohanna Mai Baftisma bai sha ba aka ce yana da aljani, Ubangiji ya ci ya sha aka kira shi mashayi. Bakin mutane ba ma'auni ba ne.

Saura maganar saye, domin lokacin bukukuwan aure ya ƙarato, ku ne kuma kwamitin da ake aika kasuwa. A manyan kantunan Jos da Kaduna, kwalba mai barasa da marar barasa sukan zauna kusa da juna, siffarsu ɗaya, murfinsu ɗaya. Mun taɓa halartar wani biki inda aka jera kwalabe a babban tebur, wata uwa daga zumuntar mata ta sha kofi biyu tana yaba zaƙinsa, sai da ta tashi tsaye aka gane abin da ɗan aike ya sayo. An yi dariya, amma ita ba ta yi ba, ta yi makonni ba ta zo sujada ba don kunya. Kada ku dogara da launin kwalba ko da bakin mai kanti. Ku juya ta ku nemi lambar da ke da alamar kashi cikin ɗari. Waɗansu da aka cire musu barasa sukan rage da ɗan abin da bai wuce kashi 0.5 ba, mai yaƙi da shaye-shaye gara ya kauce wa waɗannan ma. Ku duba lambar NAFDAC, gama jabu ya yi yawa. In kuwa kuɗin bai kai ba, zoɓo mai citta da kanumfari bai taɓa kunyata amarya ba.

Ɗan'uwan nan ya koma Abuja a farkon Janairu. Kafin ya tafi mun nemi gafararsa saboda shirun da muka yi, mun kuma zauna da shugaban da ya amsa masa, muka buɗe Yohanna 2 tare. A taron zumunta na Asabar mai zuwa shi da kansa zai jagoranci nazarin Romawa 14. Ku zo da Littafinku Mai Tsarki, da kuma tambayoyin da kuka daɗe kuna jin nauyin yi.