Darasin da ke ƙarƙashin kasuwar Santa Katarina

Yawancinmu idan aka ambaci birnin Basalona na ƙasar Sipaniya, ƙwallon ƙafa ne yake faɗo mana a rai. To amma a tsakiyar tsohon garin akwai wata kasuwa mai suna Santa Katarina, wadda ya kamata mu ƴan kasuwa mu san labarinta, domin abin da ya same ta yana iya samunmu.

Wurin da kasuwar take a yau, gidan ibada ne a da na limaman Katolika ƴan ɗarikar Dominikan, waɗanda ba su aure, suna zaune wuri guda suna karatu da wa'azi. Sun samu filin a 1223, a 1243 kuma suka fara gina babban cocinsu. Da yake wa'azi ne aikinsu, sai suka yi shi zaure guda mai faɗi, babu jerin ginshiƙai a tsakiya da za su tare mai sauraro. Nauyin rufin ya sauka ne a kan kaurarun madogarai na gefe, a tsakaninsu aka fitar da ƙananan ɗakunan addu'a. Akwai hasumiya, akwai babbar taga mai da'ira a gaba, akwai tsakar gida da baranda ta kewaye. Yana cikin gine-gine na farko da aka yi da wannan salo a birnin. A nan ne aka binne masanin dokokin coci Ramon na Penyafort, wanda ya rasu a 1275.

Ginin ya yi kusan shekara 600 a tsaye. Ranar 25 ga Yuli 1835, lokacin yaƙin basasa, jama'ar gari suka yi bore suka cinna wa gidajen limamai wuta, har da wannan. Gwamnati ta karɓe kadarorin ɗarikun, a 1837 hukuma ta rushe shi. Abin da ya rage na siffarsa shi ne zanen da wani magini, Josep Casademunt, ya yi. A 1848 aka buɗe kasuwa a filin.

Wani zai ce, to ina laifi? Kasuwa ta ciyar da talakawan unguwa fiye da shekara 150. Gaskiya ne, kuma mu ba za mu raina kasuwa ba, da ita muke ci da iyali. Sai dai waɗanda suka rusa sun yi gaggawa. Abin da aka gina a ƙarnoni ya tafi cikin watanni, jikokinsu kuwa sai da suka kashe kuɗi suna tonon ƙasa don su ga harsashinsa.

Haka aka yi lokacin da aka tashi sabunta kasuwar. A 1999 aka kwashe ƴan kasuwa zuwa rumfar wucin gadi. Da aka fara haƙa, sai ga tushen cocin da kaburbura, aiki ya yi ta jan ƙafa. Maginin da ya tsara aikin, Enric Miralles, ya rasu a 2000, matarsa Benedetta Tagliabue ta ƙarasa. Ba a koma ba sai 2005. Wannan karon an bar bangon tsohuwar kasuwa, aka ɗora masa rufi mai lanƙwasa da aka lulluɓe da tayil kala-kala irin launin kayan lambu, aka keɓe wani sashe inda mai cefane zai ga ragowar ginin limaman. Yau baƙi na zuwa kallo, suna sayayya.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, mu daina ɗaukar tsohon gini a matsayin fili kawai. Sau nawa muka ga an rushe tsohon soro ko zaure na ƙasa a bakin kasuwa don a jera shagunan siminti da kwano, masu zafi kamar tanda? Sau da yawa mu ne masu saye, mu ne masu rushewa. Ko ginin na masallaci ne, ko na mishan, ko na wani attajirin da, tarihin garin ne. Mutanen Agadas sun riƙe nasu, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Na biyu, idan hukuma ta ce za ta gyara kasuwa, kada mu tashi sai da takarda. Ƴan Santa Katarina sun yi shekara 6 a waje, kuma aka rage yawan rumfuna. Ƴan'uwanmu na Yamai sun san wannan, tun da babbar kasuwarsu ta ƙone a 1982 ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. Wanda jarinsa kaɗan ne ba ya iya jiran irin wannan lokaci.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu su zauna da magadan gari tun kafin katafila ta iso: a rubuta sunan kowane mai rumfa, a sa ranar komawa, a kuma ware abin da ba za a taɓa ba. Allah ya sa mu gane.