Baƙin maɗi: a ba bisashe, kada ya tafi tukunyar barasa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san rake. Ana noma shi a koramun Matamai da Magarya cikin jahar Damagaram, da kuma fadamun Doso har zuwa Gaya. Mu nan sha muke yi, ko a dafa ruwan shi a yi maɗi da mazarƙwaila. Amma akwai wani maɗi da mafi yawanmu ba su taɓa gani ba. Baƙi ne wuluk, yana da kauri, yana da danƙo, da ɗan ɗaci a bayan zaƙin shi. Malaman kiwo suna ce mashi melas. Mu za mu kira shi baƙin maɗi.

Daga masana'antar sukari yake fitowa. Idan aka matse rake aka dafa ruwan, sukari yana daskarewa ƙwaya-ƙwaya, sai a ware shi. Abin da ya ƙi daskarewa shi ne baƙin maɗi. Cikin kilo 100 na rake ana samun kamar kilo 10 na sukari, da kilo 3 ko 4 na baƙin maɗi. Ko da yake saura ne, kusan rabin nauyin shi sukari ne har yanzu, ga kuma sinadarai masu gina jini da ƙashi. Ana samun shi a Banfora ta Burkina Faso, da Dugabugu da Siribala a ƙasar Mali. A Najeriya akwai shi a Numan ta jahar Adamawa, da Sunti ta jahar Neja inda aka buɗe masana'anta a shekarar 2018.

A bakin masana'anta abu ne mai araha. To, duk inda abu mai zaƙi ya yi araha, masu saye iri biyu ne suke haɗuwa a kan shi. Na farko makiyayi ne mai neman abin da zai tsallakar da bisashen shi bazara. Na biyu mai dafa barasa ne. Shi wannan ya san cewa idan aka sirka baƙin maɗi da ruwa aka bar shi ƴan kwanaki, zai yi tsami ya koma giya, daga nan a dafa a tara tururin ya zama barasa mai ƙarfi. A ƙasashe da dama, daga Indiya zuwa Kenya zuwa Gana, masu wannan sana'a ta bayan gida kullum cikin neman maɗi ko sukari mai rahusa suke, domin ribarsu duka a nan take. Ra'ayinmu a fili yake: kowane tano na baƙin maɗi da ya shiga tukunyar barasa, an raba shanu da tumaki da abincinsu, an kuma sa ran mutane cikin haɗari.

Hukuncin addini a kan giya sananne ne ga kowa, malamai sun gama magana. Mu ta fannin lafiya za mu duba.

Cikin watan Fabrairu na shekarar 2019, a jahar Asam ta ƙasar Indiya, mutane fiye da 150 suka mutu bayan sun sha barasar gida. Mafi yawansu leburorin gonakin shayi ne, maza da mata, talakawa masu neman abin sha na kuɗi kaɗan. Da irin wannan baƙin maɗi ake dafa barasar a can. Kusa da mu ma abin ya faru. A watan Afrilu na 2015, mutum 18 suka mutu a garin Ode-Irele na jahar Ondo a Najeriya. Da farko mutanen gari sun ɗauka wata baƙuwar cuta ce ko fushin iskoki, sai bincike ya nuna dafi ne cikin barasar da suke kira ogogoro. Watanni biyu bayan haka, kimanin mutum 70 suka rasu a jahar Ribas ta wannan hanya.

Sunan dafin metanol. Ruwa ne fari tas, ƙamshin shi da ɗanɗanon shi kamar na barasa, ba a rarrabe su da ido ko da harshe. Ana aiki da shi wajen haɗa fenti da wanke injuna. Cokalin shayi biyu na metanol tsantsa na iya makantar da babban mutum har abada. Cokalin miya biyu na iya kashe shi.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiyar magana, don kada a ɗora ma maɗi laifin da ba nashi ba. Shi baƙin maɗi ba dafi ba ne, kuma metanol ɗin da yake haifarwa idan ya yi tsami kaɗan ne. Yawancin mace-macen nan daga hannun mutum suke. Mai dafawa ko mai sayarwa yana son litar 10 ta koma 20, sai ya ƙara ruwa. Da ya ga ƙarfin ya ragu, sai ya zuba alkol na masana'anta mai araha don abin ya sake yin zafi a maƙogwaro. Ga kuma kayan aikin: tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, da tsohon lagireton mota mai likin dalma wanda ake bi da tururi ta cikin shi. Dalma tana taruwa cikin jiki a hankali, ta lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ba mai auna komai, ba mai bincika komai, kuma wanda ya saya a kwalba marar suna ba shi da wurin kai ƙara. Ko barasar da ba a gurɓata ba ma tana da nata aikin: Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a duniya.

Wani zai ce ina ruwanmu da abin da ya faru a Indiya ko Ondo. Ruwanmu shi ne ɗiyanmu. Kowace shekara bayan kaka samarinmu suna tafiya cin rani Legas, Kwatano, Akara, Abijan. Suna kwana cikin unguwannin da ake sayar da irin wannan abu a ƙaramin kofi, wani lokaci a jiƙa saiwoyi ciki a ce maganin shawara ne ko na ciwon baya ko na ƙarfin maza. Yaron da ba zai taɓa shiga gidan giya ba yana iya shan shi da sunan magani. Don haka mai karatu ya riƙe waɗannan alamu, ya kuma karanta ma na kusa da shi. Dafin metanol ba ya nuna kan shi nan take. Mutum na iya kwana lafiya lau, sai bayan awa 12 ko 24 ciwon kai ya taso, da amai, da ciwon ciki, da numfashi sama-sama. Gani ya dushe kamar ana hazo mai tsanani. Wanda ya ga haka, a kai shi gidan likita cikin gaggawa, a faɗa ma likita abin da ya sha ba tare da kunya ba, a tafi da sauran kwalbar. Duk waɗanda suka sha tare da shi su ma su je, ko da ba su ji komai ba tukuna. Jiran gari ya waye shi ne ke cin ido.

Bayan abin da ya faru a Asam, gwamnatin jahar ta hana sayar da irin wannan maɗi. Mun fahimci zafin da ya sa ta yin haka, amma ba mu ga ya dace ƙasashenmu su bi wannan hanya ba. Mai dafa barasa idan ya rasa maɗi zai koma ga sukari, ko dawa, ko bammi. Wanda zai rasa gaba ɗaya shi ne makiyayi. Abin da ya fi shi ne a san inda kowane tano ya nufa. Masana'anta ta sayar ma ƙungiyoyin makiyaya da masu haɗa abincin bisashe da takarda, ma'aikatan kiwo da na duwan su san da shigowar shi. Tsananin kuma a yi shi a kan metanol, a san mai shigo da shi da mai sayen shi, tunda shi ne mai kisan.

Yanzu ga abin da ya sa muke kishin wannan baƙin maɗi. Daga watan Maris zuwa saukar damina, abin da ya rage ma bisashe shi ne busasshiyar ciyawa da karan hatsi. Suna cika tumbi amma ba su riƙe jiki. Saniya ta rame, nono ya ƙafe, san noma ya shiga huɗa ba ƙarfi. Cikin tumbin saniya da tunkiya da akuya akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar da kara. Su ma sai sun ci suke aiki. Sukarin da ke cikin baƙin maɗi yana ba su ƙarfi. Takin ire, wanda wasu ke ce ma yuriya, yana ba su abin gina jiki. Idan aka haɗa ma bisa waɗannan biyu bisa ƙa'ida, sai ta ƙara cin kara, ta kuma ƙara amfana da wanda ta ci.

Hanya mafi sauƙi ita ce a dama maɗi kaɗan cikin ruwa, a yayyafa bisa yankakken kara a ba su nan take. Karan da suke tattakewa jiya, yau za su cinye shi. A fara da kaɗan, domin yawan shi yana sa zawo da kumburin ciki.

Hanya ta biyu ita ce dutsen lasa. Ga awon kilo 10 irin wanda malaman kiwo suka saba koyarwa: baƙin maɗi kilo 4 da rabi, dussa kilo 3, takin ire kilo 1, siminti kilo 1, gishiri rabin kilo. A fara narkar da takin cikin maɗin har ƙwaya ɗaya ba ta saura ba. A dama siminti da gishiri da ruwa kaɗan a zuba, dussa ta zo daga ƙarshe. A cuɗa sosai, a danna cikin ƙaramin bokiti ko kwano, a kife, a bar shi ya bushe a inuwa mako ɗaya ko biyu, sai ya yi taurin da yatsa ba ya lotsa shi. Amfanin simintin ke nan: bisa ta lasa, kada ta gatsa. Saniya tana lasar kamar rabin kilo a yini, tunkiya kamar giram 100.

A kula ƙwarai, takin ire yana kisa idan ya yi yawa. Ba a ba jaki ko doki wannan dutse, domin cikinsu ba irin na masu tuƙa ba ne. Ba a ba ɗan maraƙi ko ɗan tunkiyar da ke shan nono. Ba a ajiye ma bisa mai jin yunwa sai ta fara cin kara. Ba a jiƙa shi, ba a barin ruwan sama ya taru a ƙarƙashin shi bisa ta sha. Kwanakin farko awa ɗaya ta isa, a ɗauke, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. A kuma ajiye shi inda yara ba su kai ba, tunda yana da zaƙi. Wanda bai taɓa haɗawa ba, ya yi na farko a gaban malamin kiwo na yankin shi.

Saura maganar araha. Baƙin maɗi abu ne mai nauyi, lita ɗaya ta kusa kilo ɗaya da rabi. Daga Numan ko Banfora zuwa Tawa ko Maraɗi tafiya ce mai nisa, kuɗin kamyo na iya fin kuɗin kayan. Mutum ɗaya mai neman bido ɗaya ba zai taɓa samun shi da sauƙi ba. Sai ƙungiya: garuruwa biyar ko goma su haɗa kuɗi, su yi magana da masana'anta ko babban dillali, a ɗauko tano-tano a raba. Ƙungiyoyin mata masu kiwon turka sun riga sun saba da asusu, su ne suka fi kusa da iya wannan. Lokaci ma yana da muhimmanci. Masana'antu suna matsar rake ne da rani, daga bayan kaka zuwa bazara, a nan ne kayan suke da yawa. Mai son dutsen lasa a watan Afrilu, tun Disamba ko Janairu zai nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen saye a buɗe ido. Mai kyau idan aka tsoma sanda aka ɗaga, a hankali yake zuba kamar zuma mai kauri, kuma yana yin watanni a rufe bai lalace ba. Wanda ya tsinke, ko yake kumfa, ko yake warin tsami, an sirka shi da ruwa, ya riga ya kama hanyar zama giya. Kada a saya ko da an karya kuɗin. A tambayi abin da tanon ya taɓa ɗauka. Kuma wannan na bisashe ne, ba a zuba shi cikin kunun yara. Maɗin ci shi ne wanda aka dafa da tsabta daga ruwan rake.

Idan kuma an nema ba a samu ba, ko kuɗin ya fi ƙarfin ƙungiya, kada a zauna jira. Masu bincike na INRAN sun daɗe suna aiki a kan dunƙulen abincin bisashe da kayan gida: niƙaƙƙen karan hatsi, ƴaƴan gawo, dussa, harawa da gishiri. Ana kuma yin dutsen lasa na takin ire ba tare da maɗi ba, awon shi ne ya bambanta. Shugabannin ƙungiyoyi su je ma'aikatar kiwo ta gundumarsu tun yanzu, su tambayi awon da ya dace da kayan da ke akwai a garinsu, su sa a rubuta masu shi da Hausa a takarda, a liƙa a ɗakin taro.