Ƙafa Ma Magani Ce: Kira Ga Iyayenmu Masu Tumbi

 

Ya kai ɗalibi mai karatu, in ka gama wannan shafi ka kai shi gida ka karanta wa Baba da Inna, domin maganar tasu ce fiye da taka. Magana ce a kan ƙiba, da kuma wani magani da Allah Ya ba mu kyauta muka yi watsi da shi, wato tafiya da ƙafa.

Na san wani zai ce: "Haba Malam! A Augie za ka koya wa mutane tafiya?" Gaskiyarsa. Manomin da ke sauka fadama tun da duku-duku ya duba shinkafarsa, da masuncin da ke bin gulbi da homa, da matar da ke ɗauko itace a ka, ba da su nake ba. Waɗannan abinci mai gina jiki suke bukata, ba rage ƙiba ba. Kuma kada wani yaro ya ji wannan ya ce zai bar cin tuwo; jikin da ke girma ba a hana shi abinci. Da mai shago nake, wanda ke zaune bisa benci daga safe har magariba, da ma'aikacin ƙaramar hukuma, da mu malamai masu zaman tabarma, da iyayenmu mata da ke cikin gida. Mu ne tumbi ya kama.

Ku dubi yadda muka koma. Da can mutum zai taka daga wannan unguwa zuwa waccan ya yi gaisuwar rasuwa ya dawo, bai ga ya yi wani abu ba. Yau kuwa nisan da bai kai kiran salla ba sai an tsayar da kabu-kabu. Ko da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin hawa ya tashi, mun yi ta ƙorafi amma ba mu sauka ba. Ni a ganina ba lalaci ba ne kaɗai, akwai jin kunya. An ɗauka dattijon da aka gani yana tafiya a ƙasa ya karye ne, kuma wanda ya aje tumbi shi ne ya samu. Har 'yan mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don a ce jin daɗi ya zauna musu. To wallahi tumbin nan da ake yi wa kirari shi ne ƙofar ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Kuma shi ciwon suga in ya shiga gida, kuɗin shinkafar bana a asibitin Argungu ko Birnin Kebbi zai ƙare.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, yaro kuwa daga shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 a kullum. Minti 150 ɗin nan in ka raba shi, minti 30 ne a kwana biyar. A Amurka kuma an yi wani babban bincike da aka bayyana a 2002 a kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora kan gyara cimarsu da motsa jiki na minti 150 a mako, akasarinsa tafiya da sauri, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani.

Masu manyan wayoyi za su ce maka dole sai taku 10,000 a rana. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Asalin adadin daga tallar wata na'urar ƙirga taku ne da aka fitar a Japan a 1965, ba hukuncin likitoci ba ne. Wanda ya saba taku 2,000 in ya kai 4,000 ya ci riba.

Amma fa a faɗi gaskiya, tafiya kaɗai ba ta sauke tumbi in baki bai yi haƙuri ba. Kwalbar lemun zaƙi mai rabin lita tana ɗauke da kalori wajen 200, kuma kafin babban mutum ya ƙone wannan sai ya taka kilomita 3 zuwa 4. Ke nan wanda ya zagaya gari ya dawo ya zauna wurin mai shayi aka zuba masa suga cokali huɗu da madara, ya ɗebo ruwa ne da kwando. Fura ba laifi gare ta ba, sugan da ake jibga mata ne abin dubawa. Haka tuwon shinkafa malmala uku da dare, a sha ruwa a kwanta. A rage ɗaya, a ƙara miyar ganye da kifi, tun da Allah Ya hore mana gulbi.

Ga maza hanya a buɗe take. Sau biyar ake kiran salla, kuma sananne ne cewa takun da aka yi zuwa masallaci yana da lada. A bar babur a zaure. In an idar da Asuba, maimakon komawa shimfiɗa, a bi doguwar hanya zuwa gida, da saurin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya magana. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, kada a fita da tsakar rana. Bayan Asuba ko dab da Magariba ya fi. Mai niyyar aikin Hajji kuwa ya tuna, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kawai ya kusa kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Ƙafar da ba ta saba a Augie ba, ba za ta saba a Makka cikin kwana biyar ba.

Matsalar da ta fi damuna ita ce ta iyaye mata. Inna na iya wuni tana aiki, amma akasarinsa a zaune ko a duƙe, ga haihuwa, ga kunun kanwa da gasasshen nama na jego, jiki ya buɗe bai koma ba. Maigida, in ba ka son ta fita titi, tsakar gida ma fili ne: zagaye na minti goma bayan kowane cin abinci, sau uku, ya cika talatin. In za ta Islamiyyar matan aure ko duba mara lafiya kuma wurin ba nisa, bar ta ta taka tare da maƙwabtanta cikin suturarta.

Ku kuma ɗalibai, ku zama 'yan rakiya. Ka riƙe wa Kaka sanda, ki ƙirga wa Inna zagaye. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Mai ciwon suga ya sa takalmi mai rufi, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaya na iya shiga bai ji ba. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na sarƙewa, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti a auna jininsa kafin ya sake fita.