Harajin da ake karɓa a ƙofar aji

A Briqueterie da Messa, kamar sauran unguwannin Yawunde, akwai maganar da kusan kowa ya haɗiye ba tauna: wai firamare kyauta ce, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wato APE, taimakon kai da kai ne, wanda kuwa ya kawo zancen aza wa gidaje da filaye haraji saboda makaranta, talaka yake nema ya ƙara wa kaya. Ban yarda ba. Harajin makaranta mun daɗe muna biyansa, kuma talaka ne ya fi kowa jin nauyinsa.

A watan Fabrairun 2000 Shugaba Paul Biya ya yi shelar cewa karatun firamare a makarantun gwamnati ya zama kyauta, a 2001 doka ta soke kuɗin rajista. Amma shela ba ta sayen alli, ba ta gyara benci. Ɗan kayan aikin da ake kira paquet minimum, wanda aka miƙa wa ofisoshin magadan gari tun 2010, bai isa ba, sau da yawa kuma sai karatu ya yi nisa yake isowa. Giɓin da ya rage ƙungiyar iyaye da malamai ce ke cikewa, har da albashin malaman da iyaye ke ɗauka da aljihunsu. A takarda kuɗin nan ganin dama ne. A watan Satumba kuwa, tela ne zai bar kekensa a shago, ya riƙo hannun yaro ya tsaya a layi, kuma ya sani sarai sai ya nuna rasit hankalinsa zai kwanta cewa sunan ɗansa ya shiga. Kuɗin da ba ka iya ƙin biya haraji ne, ko da wane suna aka raɗa masa.

To, a duba yadda ake ƙirga shi: da kan yara. A ce jaka biyar ake karɓa kan kowane ɗalibi, mai tukubar tsire da ke haya a ɗaki biyu da 'ya'ya shida zai ajiye jaka talatin. Harajin gida a Kamaru kashi 0.1 cikin ɗari ne na darajar gidan a shekara, wato mai gidan sefa miliyan talatin shi ma jaka talatin ɗin ce a kansa, in ma ya biya. Mai benen da ke karɓar haya daga shagunan atamfa goma, 'ya'yansa na makarantar kuɗi, ko dala ba ya sakawa a asusun APE, alhali yaran makarantar gwamnati ne gobe za su riƙe masa lissafi, su gyara masa wuta, su yi masa allura a asibiti. Na san dalilin da ya sa Bahaushe ke ɗari-ɗari da kalmar haraji. Kakanninmu sun ga yadda ake bin mutum gida har a ɗaure, shi ya sa jama'a suka yi murna da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Sai dai abin da aka soke harajin kai ne, wanda bai damu da mai shi ko mara shi ba. Kuɗin APE ɗan uwansa ne na jini, harajin dukiya kuwa kishiyarsa.

Za a ce kuɗin da ya shiga baitulmali ba ya fitowa. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ya sa ƙuri'a take da muhimmanci. Dokar harajin ƙananan hukumomi ta 2009 ta ba hukumomin gari kuɗin harajin gida, amma ba ta ɗaure ko sisi ga makaranta ba, adadinsa kuma majalisar dokoki ce ke yankewa. Abin da ya dace a nema shi ne gyaran doka da zai ba mazauna birni damar amincewa da ƙari kaɗan, na shekaru ƙayyadaddu, a asusu na daban, da jerin ajujuwa da malaman da za a biya manne a bangon kowace makaranta. In wa'adi ya cika ba a ga aiki ba, a ƙi sabuntawa.

Sukar da ta fi ƙarfi daga Amurka take zuwa, inda wannan tsari ya yi jijiya, kuma ba zan raina ta ba. A shari'ar Rodriguez da Kotun Ƙoli ta yanke a 1973, an nuna cewa unguwar talakawa ta Edgewood a San Antonio tana aza wa kanta haraji mafi tsanani, amma dalar Amurka 26 kawai take tarawa kan kowane ɗalibi, yayin da Alamo Heights ta masu hali ke tara dala 333 da haraji mafi sauƙi. Alƙalai biyar cikin tara suka bar abin a haka. In muka kwafi wannan ido rufe, Bastos da manyan gidajenta za ta yi ta bunƙasa, Briqueterie mai cunkoso da rufin kwano ta ci gaba da cusa yara a aji har ba wurin miƙe ƙafa. Amma aibin yana ga iyakar da aka shata wa asusun. Yawunde gunduma bakwai ce ƙarƙashin hukumar birni ɗaya, don haka a tara kuɗin wuri guda, a raba bisa yawan ɗalibai, a fifita inda aji ya fi cika.

Gaskiya ne mai gida zai tura wani abu kan ɗan haya, amma gwargwadon ɗakin da yake ciki, ba yawan 'ya'yan da Allah ya ba shi ba. Gaskiya ne kuma gidaje da yawa a unguwarmu ba su da takardar mallakar fili, sai dai bene ba ya ɓuya, kuma a fara da manyan gine-ginen kasuwanci, a yafe wa ƙananan gidajen gado da zawarawa da marayu ke zaune ciki. Duk ɗan takarar kansila da ya shigo gundumarmu ta Yawunde ta Biyu neman ƙuri'a, a tambaye shi nawa harajin gida ya tara bara, nawa ne daga ciki ya isa makaranta, kuma ko zai goyi bayan a soke kuɗin APE ranar da sabon asusun ya fara aiki.