Kwaɗayi Mabuɗin Wahala: Yadda Kuɗin Talabijin Ya Rusa Pac-12

'Yan uwa marubuta, a daina ce mana ci gaba ne ya wargaza Pac-12, ƙungiyar wasannin jami'o'in yammacin Amurka mai asali tun 1915. Kwaɗayi ne.

A 2022 jami'o'in USC da UCLA suka sanar da komawa Big Ten. Ba a yi wata biyu ba, Big Ten ta ƙulla cinikin sama da dala biliyan 7 da Fox, CBS da NBC. Zuwa 2024, goma cikin sha biyu sun tsere, aka bar Oregon State da Washington State. Stanford da ke gaɓar Pasifik ta koma ƙungiyar gaɓar Atlantika!

Masu kare abin suna cewa kuɗin nan ne ke ciyar da ƙananan wasanni. Mun ji. To wa ke shan wahalar? Ɗaliba 'yar ƙwallon raga da za ta keta kusan kilomita 4,000 daga Los Angeles zuwa New Jersey, ga jarrabawa tana jiranta.

Mu masu burin ganin labaranmu a talabijin, mu shafa wa gemunmu ruwa. Ranar da mai talla ya fara yanke mana ƙarshen labari, alƙalami ya bar hannunmu.